Gasar Keke Da Cin Donat: Ƙafa Ke Wahala, Baki Ke Yin Suna

Ka taɓa jin tseren da wanda ya zo na hamsin zai iya tafiya gida da kofi, shi kuwa wanda ya riga kowa tsallake layi a tafa masa kawai? To akwai shi, kuma ba tatsuniya ba ce. A wani ƙaramin gari da ake kira Staunton a jihar Illinois ta Amurka, garin da mutanensa ba su wuce dubu biyar da 'yan kai ba, duk watan Yuli mahaya keke sama da dubu ɗaya kan hallara don gasar da suka sa wa suna Tour de Donut. Tafiyar mil 30 da ɗoriya ce, wato sama da kilomita 50, ta fi nisan Kano zuwa Wudil. A hanya akwai zango biyu, kowanne an jibge kwalayen donat, wannan soyayyen fulawar mai rami a tsakiya da ake shafe wa sukari, ɗan uwan fankenmu. Dokar ɗaya ce: duk donat ɗin da ka cinye, za a rage maka minti biyar daga lokacin da ka ɓata a hanya.

Idan ka daɗe kana murza waya, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da bidiyon irin wannan gasa ba. Ƙato ne sanye da hular kwano, gumi na zuba, ya haɗa donat uku ya danne su da tafin hannu sun zama kamar ƙuli-ƙuli, ya tsoma a ruwa ya tura baki, ido ya yi ja. Ka yi dariya, ka tura wa abokai, wani a guruf ya rubuta: "Wallahi da ni ne sai na ci talatin." A nan ne nake so mu ɗan tsaya. Domin abin da bidiyon ya nuna maka da abin da gasar take, hanyar jirgi daban ta mota daban.

Wasa ne aka fara, don tsokanar manya

An fara Tour de Donut a 1989. Wasu 'yan ƙungiyar mahaya keke ne suka ƙirƙiro ta don su tsokani Tour de France, babbar gasar keke ta duniya da ake yi a Faransa tun 1903. Waccan gasar ba ta wasa ba ce: mako uku, zango 21, tafiyar sama da kilomita 3,000, har da hawan tsaunukan da mota ma sai ta yi nishi. A shekarar da aka fara gasar donat ɗin, wani Ba'amurke mai suna Greg LeMond ya lashe Tour de France da ratar daƙiƙa takwas kacal a kan Laurent Fignon na Faransa. Daƙiƙa takwas bayan mako uku ana gumurzu! Su kuwa mutanen Staunton suka ce a wajensu donat guda ɗaya daƙiƙa 300 ne. Ka ga tsokanar ta fito fili: abin da zakarun duniya suka kusa halaka a kansa, mu da loma biyu za mu saye shi.

Daga nan abin ya yaɗu. Jihohi kamar Ohio da Utah suka kafa nasu. Masu gudu da ƙafa ma ba a bar su a baya ba. A 2004 wasu ɗaliban jami'ar jihar North Carolina da ke Raleigh suka fara abin da ake kira Krispy Kreme Challenge: ka yi gudun mil biyu da rabi zuwa shagon donat, ka cinye guda 12, ka dawo da gudu, duka cikin sa'a ɗaya. Abin da 'yan abokai ƙalilan suka fara a matsayin cika baki, yau dubban mutane ke shiga, kuma kuɗin da ake tarawa na tafiya ne asibitin yara. An tara fiye da dala miliyan biyu.

Lissafin da ke cikin kwali

Bari mu yi lissafi irin na bakin shago. Mu ɗauka mutum biyu ne. Na farko gwani ne, ya murza feda ya gama cikin minti 90, bai ko kalli donat ba. Na biyu ɗan gari ne kamar ni da kai, ya gama cikin minti 130 har da tsayawar da ya yi, amma ya cinye guda goma. Goma sau biyar hamsin. A cire daga 130, saura 80. Ɗan gari ya doke gwani da minti goma. A lissafi ma, wanda ya yi tafiyar cikin minti 150 ya kuma ci guda 31, lokacinsa ya koma ƙasa da sifiri, kamar ya iso tun kafin ya tashi.

Sai dai agogo ba ya tsayawa don kana tauna. Donat na farko ko minti ɗaya ba zai ɗauke ka ba, ribar minti huɗu ke nan a aljihu. Na biyar zai fara maƙalewa. Na goma sai ka yi ta kallonsa yana kallonka. Akwai inda za ka kai, cin guda ɗaya ya ɗauke ka fiye da minti biyar ɗin da za a rage maka, ga kuma nauyin da za ka ɗauka zuwa sauran tafiyar. Daga wannan wurin duk lomar da ka ƙara asara ce. Don haka mai cin gasar nan ba lallai ne wanda ya fi kowa ci ba. Wanda ya san inda zai ce "ya isa" shi ne mai wayo. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Akwai lissafi na biyu, na jiki. Donat guda na ɗauke da kalori wajen 200. Mai tuƙa keke a natse yana ƙona tsakanin kalori 400 zuwa 600 a sa'a. Ke nan tafiyar sa'a biyu da rabi ba za ta wuce kalori 1,500 ba. Donat bakwai ko takwas sun shafe duk gumin da ka yi. Su kansu masu shirya gasar Raleigh ba sa ɓoyewa, a tallarsu suke rubuta kalori 2,400, kusan abin da baligi ke buƙata a yini guda cur. Batun sukari kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ya wuce kashi goma cikin ɗari na abin da mutum ke ci a rana, wato wajen giram 50, kimanin ƙaramin cokali 12. Donat biyar sun kai ka wannan iyakar tun kafin azahar.

Wani zai ce, ai su ma zakarun Tour de France ci suke yi a kan keke. Gaskiya ne, da ruwan ciki ake jan na rijiya. A ranar hawan dutse ɗan tsere kan ƙona kalori 6,000 ko fiye, kuma dole ya riƙa ci yana tafiya, in ba haka ba ƙarfinsa ya yanke a tsakiyar hanya. Amma duba yadda suke ci: kaɗan-kaɗan, a kan lokaci, abu mai saurin narkewa kamar curin shinkafa, ayaba da ruwan sukari da aka auna. Ba sa cika ciki da maiƙo. Dalili shi ne, idan jiki na aiki tuƙuru, jini kan bar hanji ya koma cinyoyi, shi kuma maiƙo yana daɗewa a tumbi kafin ya wuce. Ka cika tumbi da soyayyen abu sannan ka hau keke ka duƙa a kansa, me kake tsammani? Tashin zuciya, murɗar ciki, wani lokacin amai a gefen titi. Wannan ɓangaren ba a cika sa shi a bidiyo ba.

To me ya sa mutane ke tururuwa?

A nan ne hikimar take, kuma ita ce abin da ya kamata mu ɗauka. Ka ce wa mutumin da ya shekara goma bai hau keke ba ya zo tseren kilomita 50, zai ce maka Allah ya ba da sa'a. Yana tsoron kunya, yana tsoron zuwa na ƙarshe, yana tsoron 'yan gayu masu kekunan miliyoyi da matsattsun kaya. Amma ka ce masa akwai donat a hanya kuma kowa dariya yake yi, sai ya ce bari ya gwada. Donat ɗin koto ne a bakin ƙugiya. Abin da ake so a kama shi ne mutumin da ba ya motsa jiki. Kafin ranar gasa zai fito da tsohon kekensa, ya kai wa mai faci, ya yi makonni yana atisaye don kada ya ji kunya. Ranar gasa ya ci donat uku, ya yi dariya, ya koma gida. Donat ɗin na rana ɗaya ne, atisayen na wata biyu.

Kuma cin ba dole ba ne. Akwai masu wuce zangon ba su ko taka birki ba, ana kuma rubuta lokacin kowa na ainihi, ban da wanda aka yi wa ragi. Da yawa ɗaya ko biyu suke ci don a ce da su aka yi. Tsofaffi na shiga, mata na shiga, iyaye na zuwa da 'ya'yansu. Masu cin ashirin da talatin 'yan tsiraru ne ƙwarai.

Matsalar ita ce su waɗannan 'yan tsirarun kyamara ke bi.

Abin da waya ta sace

Ba wanda zai zauna ya kalli bidiyon wata baiwar Allah tana murza feda na sa'a biyu a tsakanin gonakin masara. Amma daƙiƙa 30 na mutum yana cusa abinci ido na hawaye? Wannan zai yi tashe. TikTok, Instagram da Facebook ba ruwansu da lafiyarka, abin da ke riƙe ido shi suke turawa gaba. Sai a yanke keken a jefar, a bar cin. Wasan da ke sa mutane motsa jiki, ya iso wayarka a matsayin tallar haɗama.

Kuma kasuwar cin abinci a gaban kyamara babba ce. Mukbang, wato mutum ya zauna yana narkar abinci ana kallonsa kai tsaye, ya faro ne daga Koriya ta Kudu wajen 2010, yau ya game duniya. A Amurka duk ranar 4 ga Yuli ana haska gasar cin hotdog ta Nathan's a talabijin, inda Joey Chestnut ya cinye guda 76 cikin minti goma a 2021. Wannan sana'a ce mai kuɗi, kuma tana da farashi. A 2007 likitoci a jami'ar Pennsylvania sun ɗauki hoton cikin wani gwanin gasar ci yayin da yake aikinsa. Bayan hotdog 36 tumbinsa ya buɗe ya zama kamar sakakken buhu, ya cike yawancin saman cikinsa, har likitocin suka dakatar da gwajin. Takeru Kobayashi, Bajapanen da ya lashe gasar Nathan's sau shida a jere daga 2001 zuwa 2006, ya fito a wani shirin Netflix a 2024 ya sanar da cewa ya ajiye sana'ar, domin jikinsa ya daina gaya masa yana jin yunwa. Ka yi tunani: mutum ya ci har yunwa ta yi fushi ta bar shi.

Haɗari mafi kusa kuwa shi ne shaƙewa. Busasshen abu mai danƙo, ana tura shi da sauri, ga haki, ga jama'a na ihun "ƙara! ƙara!", loma ɗaya ta bi hanyar iska, cikin 'yan mintuna labari ya canza. An sha rasa rayuka a ƙananan gasannin ci a ƙasashe daban-daban, kuma galibinsu ba gwanaye ba ne, 'yan kallo ne da zuga ta kwasa. Ba cin kaɗai ba, gudun ma na da nasa. A gasar Raleigh ta 2016 wani mutum ɗan shekara 58 ya ji ciwon ƙirji tun a mil na farko, bai ma kai ga donat ɗin ba, daga baya ya rasu. Duk wanda ya daɗe bai motsa jiki ba, ko yake da hawan jini ko ciwon sukari, likita ya kamata ya fara gani kafin mai faci.

Wasu gwamnatoci sun riga sun sa baki. A watan Afrilun 2021 ƙasar Sin ta kafa dokar hana ɓarnar abinci, wadda ta tanadi tarar da ta kai yuwan 100,000 ga kafafen da ke shiryawa ko yaɗa bidiyon cin wuce kima. Ko ka yarda da salon Sin ko ba ka yarda ba, abin lura shi ne har hukuma ta gane cewa kallon haɗama na koyar da haɗama.

Ina ya shafe mu?

Wani zai ce, malam, wannan ai rigimar Amurkawa ce da ƙoshinsu. Haka ne, gasar tasu ce. Amma waya ba ta san iyakar ƙasa ba, kuma mun san halinmu da kwaikwayo. Lokacin da Hilda Baci ta kafa tarihin girki na sa'a 93 da minti 11 a Legas a 2023, kafin wata ya zagayo kowa ya tashi da nasa "tarihin". Yau kuma ka leƙa TikTok ka ga yadda ake gasar wa zai riga cinye kwanon indomi mai yaji, ko wa zai shanye lemo kwalba kaza, a ba shi 'yan dubbai. Wato rabin da muka fi saurin ɗauka shi ne na baki.

Kuma a wane lokaci? A watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin ɗari. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi hasashen cewa 'yan Najeriya sama da miliyan 30 za su fuskanci matsananciyar yunwa a daminar 2025, mafi yawansu a arewa. A irin wannan hali ka jera kwano goma a gaban kyamara ka cusa har ka amayar, wanda yake kallonka da datar naira ɗari mai yiwuwa bai karya ba. Ba sai an yi maka wa'azi a kan almubazzaranci ba, tarbiyyar gida ma ta ishe ka ka ji nauyin hakan.

Abin takaicin shi ne, ɗaya rabin, wato keken, shi ne muke da buƙatarsa da gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gano cewa kashi 81 cikin ɗari na yara masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa motsa jiki yadda ya kamata, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na manya ba sa cika minti 150 ɗin da ake so a mako. Mu duba kanmu: daga gado zuwa waya, daga waya zuwa adaidaita, daga adaidaita zuwa majalisa a ci gaba da murza waya. Sannan tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura dubu a ƙarshen 2024. Keken da kakanninmu suka yi alfahari da shi, wanda muka mayar abin kunya, "wai kamar ni a kan keke?", ya dawo yana yi mana dariya. Ga shi kuma a 2024 Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a Tour de France ya tafi da koriyar riga, baƙar fatan Afirka na farko da ya taɓa cin zango a gasar. Burkina Faso na da Tour du Faso tun 1987. Keke bai taɓa zama alamar talauci ba sai a kawunanmu.

Idan za mu kwaikwaya, mu kwaikwayi dabarar

Dabarar mutanen Staunton ba donat ba ce. Dabarar ita ce sun nemo hanyar da mai rauni zai shiga tsere ba tare da fargabar kunya ba, sun sauya ma'aunin nasara yadda gwani ba zai kwashe komai shi kaɗai ba. Wannan za a iya yi ba tare da kowa ya shaƙe ba. Ƙungiyar matasan unguwa ko ta ɗalibai za ta iya shirya tafiyar kilomita 15 ko 20 da sassafe ranar Asabar, ta ajiye zango biyu, ta ce duk wanda ya amsa tambaya daidai an rage masa minti uku, ko duk wanda ya tsinto buhun leda a gefen hanya, ko wanda ya taho da ƙaninsa ko ƙanwarsa. Idan ma ana son ci ya shigo, a sa iyaka: ƙosai biyu ko dabino uku a kowane zango, a zaune, da ruwa a hannu, ba gasar sauri ba. Kuɗin rajista a sayi hatsi a kai gidan marayu. A nemi izinin hukuma, a sanar da jami'an kiyaye haɗura, a samu ma'aikacin lafiya a wurin, kowa ya sa hular kwano, a duba birki tun daren jiya. Kuma a tashi kafin rana ta buɗe, don zafin watan Afrilu ba abokin wasa ba ne.

Ka ga an samu dariyar, an samu bidiyon, an samu gumin, ba a zubar da abinci ba.

Kai kuma da ka rubuta a guruf cewa da kai ne sai ka ci talatin, ga tambaya: kilomita hamsin ɗin fa? Wanda ka gani a bidiyo sai da ya taka feda mai nisa kafin ya kai ga kwalin, kuma bayan ya ajiye kwalin akwai sauran tafiya a gabansa da cikin a cike. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mun ce a baya mai cin gasar nan shi ne wanda ya san inda zai ce ya isa. To haka abin yake a waya ma. Mabiyan da ke zuga ka ka ƙara loma, ranar da aka kwantar da kai asibiti za su wuce bidiyo na gaba ne kawai, ko "Allah ya sawwaƙe" ba kowa zai tsaya rubutawa ba.

Akwai tsohon keke a zaure ko bayan ɗaki a gidaje da yawa, taya ta sace, sarƙa ta yi tsatsa. Kuɗin gyaransa bai kai na datar da kake ƙonawa a wata ba. Ka fito da shi wannan Asabar ɗin, ka kira wancan abokin naka mai cika baki, ku yi kilomita goma tukuna. In kun dawo, ku zauna wajen mai shayi ku karya a natse. Wanda ya zo na ƙarshe shi zai biya.